Gargaɗi Ga Masu Ɗauke da Ciwon Hanta: Kada a Raina Ciwon Bayan da Ya Ƙi Ci Ya Ƙi Cinyewa

Jama'a, wannan magana ta mutum uku ce. Wanda aka taɓa auna jininsa aka ce yana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta, nau'in B ko nau'in C, ya naɗe takardar ya jefa a akwati don ba ya jin komai a jikinsa. Wanda bai taɓa aunawa ba sam. Da kuma mai jinyar dattijo ko dattijuwar da ciwon baya ya kwantar wata da watanni, an sha magani an yi ɗori an yi tofi, abu sai gaba yake yi.

Mun saba jin cewa ƙwayar ciwon hanta, idan ta daɗe a jiki, tana ƙeƙasar da hanta ko ta jawo mata sankara. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne babban abin da take kashe mutane da shi. Amma likitocin jini sun gano cewa ɓarnarta tana iya kaiwa har cikin ɓargo, inda ake samun wata sankara da suke kira mayeloma. Binciken da ya fito daga Sifen da Faransa a 2022 da 2024 ya nuna cewa a jikin wasu masu wannan sankara, ƙwayar ciwon hantar ce ke rura wutar. Ga mutanen da miliyoyinsu ke yawo da wannan ƙwaya ba su sani ba, irin mu, wannan ba labarin da za a ji a wuce ba ne.

A cikin ɓargo akwai wasu ƙwayoyin halitta da ake kira filasma, aikinsu ƙera garkuwar da jiki ke yaƙar cuta da ita. Kamar maƙera suke a zamanin yaƙi: kowane maƙeri da irin kibiyar da ya iya, daidai da abokin gabar da aka sa shi a gaba, idan yaƙi ya lafa ya ajiye guduma. Mayeloma ita ce maƙeri ɗaya ya ƙi ajiyewa, ya hayayyafa, 'ya'yansa su cika maƙera suna ta buga kibiya iri ɗaya wadda ba ta da amfani, har sauran maƙera su rasa wurin zama. Wannan kibiya wani furotin ne da ke taruwa a jini, ya toshe ƙoda. Ƙwayoyin da suka haukace kuma suna cinye wurin da ake yin jini, suna sa ƙashi ya rube daga ciki ya yi ramuka. Shi ya sa mai cutar ke fama da abu huɗu: ciwon ƙashi, ƙarancin jini, lalacewar ƙoda, da hauhawar sinadarin kalsiyam a jini saboda ƙashi yana narkewa. A shekarar 2022 an ƙiyasta mutum kusan 188,000 ne suka kamu da ita a duniya, kusan 121,000 kuma ta kashe.

Ba dare ɗaya take faɗo wa mutum ba. Akwai matakin share fage da likitoci ke taƙaita sunansa da MGUS, inda furotin ɗin ke nan a jini kaɗan, mutum lafiyarsa ƙalau. A cikin masu wannan mataki, kusan mutum ɗaya cikin 100 ne ke zarcewa zuwa sankara a kowace shekara. Wani babban bincike da aka yi a jihar Minesota ta Amurka ya sami wannan furotin a jinin kusan kashi 3 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 50, akasarinsu Turawa. Da aka auna maza 917 a birnin Accra na Gana, aka buga sakamakon a 2007, sai aka tarar abin ya kusa ninka na Turawan sau biyu. A Amurka ma baƙar fata sun ninka farar fata wajen kamuwa da mayeloma. Ke nan tun kafin a zo maganar ciwon hanta, mu ne a sahun gaba.

Abin da ya tayar da maganar ya faru ne a asibitin 12 de Octubre da ke Madrid. Wani mai mayeloma, wanda cutar ta sha dawo masa bayan magani, yana kuma ɗauke da ciwon hanta nau'in C. Aka ba shi maganin ciwon hantar. Ƙwayar ta mutu, kamar yadda aka zata. Abin da ba a zata ba shi ne sankarar ɓargon ita ma ta lafa, aka neme ta a gwaji aka rasa, kuma aka yi shekaru a haka. Ƙungiyar likitocin da Joaquín Martínez-López ke jagoranta, tare da María Linares, suka haɗa kai da Sylvie Hermouet ta Jami'ar Nant a Faransa, wadda ta daɗe tana bin diddigin tambaya guda: wannan furotin da ƙwayoyin sankara ke ta bugawa, wa aka ƙera shi ya yaƙa tun asali? Suka tace shi daga jinin marasa lafiya, suka gwada shi a kan ƙwayoyin cuta iri-iri. A rahotonsu na 2022, kan mutum tara masu nau'in C, furotin na mafi yawansu ƙwayar ciwon hantar yake kamawa. Sai suka koma kan nau'in B, wanda ya fi damun mu a nan. A cikin mutum 45 da suka duba, 11 furotin ɗinsu ƙwayar B yake hari. Mujallar Haematologica ce ta buga wannan a 2024.

Fahimtar da aka yi ita ce, ƙwayar da ta zauna a jiki shekara ashirin ko talatin tana tsokanar garkuwa dare da rana. Ƙwayoyin filasma da aka ɗora wa yaƙarta ba sa samun hutu, suna ta rarrabuwa, kuma duk rarrabuwa dama ce ta kuskure a cikin halittarsu. Wata rana ɗaya daga ciki ta kuɓuce. Idan aka kashe mai tsokanar da wuri, mai yiwuwa abin ya tsaya. Likitoci sun riga sun san irin wannan a wasu wurare: akwai sankarar tumbi da ke warkewa idan aka kashe ƙwayar da ke jawo gyambon ciki, kuma tun 2002 aka nuna a Faransa cewa wata sankarar saifa tana janyewa idan aka yi maganin nau'in C.

Masu binciken ba su tsaya nan ba. Sun bi bayanan masu mayeloma 1,367 da ke ɗauke da nau'in B, da wasu 1,220 masu nau'in C, suka kwatanta waɗanda aka ba maganin ciwon hanta da waɗanda ba a ba ba. A ɓangarorin biyu, waɗanda suka sami maganin sun fi daɗewa a raye.

A nan dole a yi hattara da masu ƙarin gishiri, don na san yadda labari ke sauya kama idan ya shiga WhatsApp. Ba a ce duk mai ciwon hanta zai yi sankarar ɓargo ba. Mafi rinjaye ba za su taɓa yi ba. Ba a ce duk mai mayeloma ciwon hanta ne ya jawo masa ba. Wani bincike na 2007 a kan tsofaffin sojojin Amurka sama da 146,000 masu nau'in C ya sami ƙaruwar wasu sankarorin jini a cikinsu, amma bai sami ƙaruwar mayeloma ba. Kuma mutumin Madrid mutum ɗaya ne. Babu likitan kirki da zai ce wa mai mayeloma ya bar maganin sankara ya tsaya ga na hanta kawai. Abin da ya tabbata ya isa ya sa a tashi tsaye: a wani kaso na marasa lafiya alaƙar tana nan, kuma waɗanda aka ba maganin ƙwayar sun fi daɗewa a raye da yardar Allah.

Yanzu a dubi yawanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da nau'in B, miliyan 50 kuma nau'in C, kuma su biyun sun kashe mutum miliyan 1.3 a shekarar, wato kimanin 3,500 kowace rana. Cikin masu nau'in B, kashi 13 cikin 100 ne kawai aka gano. A Najeriya, babban binciken ƙasa na 2018 ya sami nau'in B a jinin kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64, nau'in C kuma kashi 1.1. A lissafa: a sahun sallar da ya ɗauki mutum goma sha biyu, da wuya a rasa ɗaya. Kuma yawancinsu ba su taɓa yin shawara ba, idonsu bai taɓa yin ɗorawa ba. Wannan ita ce yaudarar cutar, don mutanenmu sai sun ga ido ya canja launi suke yarda hanta ta taɓu.

Akasarin masu nau'in B a ƙasashenmu tun suna jarirai ko ƙananan yara suka ɗauka, daga uwa wajen haihuwa ko ta hanyar jini a tsakanin yara. Jaririn da ya kamu, tara cikin goma ƙwayar za ta zauna masa har girma. Babban mutum kuwa, ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne take zaune wa. Ga kuma ƙarfe. Ranar suna wanzami ya zo da zabirarsa, ya yi wa jariri aski, ya cire beli, wani gidan har da tsaga, ya goge askar a tsumma ya mayar, ya wuce gida na gaba. Ba mugunta ba ce, haka ya gada. Amma ƙwayar B tana iya rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe aƙalla kwana bakwai, kuma jinin da ido ba ya gani ma ya isa. Haka kaciyar taro da aska ɗaya, haka ƙaho, haka mai yankan farce da ke zagaya kasuwa da almakashi guda, haka allurar da ake maimaitawa a ɗakin mai kemis, da ƙarin jinin da ba a tantance ba. Ana kuma ɗauka ta saduwa. A sayi sabuwar reza a miƙa wa wanzami, ba raini ba ne. Da yawa daga cikinsu yanzu su ke tambaya da kansu. Cin abinci a kwano ɗaya, musabaha, gumi, zama a tabarma ɗaya, duk ba sa yaɗa ta, don haka babu dalilin ware wa mutum kofi a gidansa.

To, ga yadda mayeloma ke zuwa a gidajenmu. Dattijo ne mai shekara hamsin da wani abu ko sittin, ya fara kukan baya ko haƙarƙari. A ce gajiyar gona ce, a ce sanyi ne, a ce basir ne ya hau. Ya fara sallah a zaune. Yaro ya je kemis a haɗo masa magani a ƙullin leda, ja da fari da ruwan ɗorawa, ya sha ya ji dama-dama na kwana biyu. Sai a lura tafin hannunsa ya yi fari, hawa ɗan tudu yana sa shi haki, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari mai kumfa, ga bayan gida ya ƙi fita. Zazzaɓi da ciwon huhu su riƙa dawowa. Rannan ya sunkuya ɗaukar buta, ko ya yi tari mai ƙarfi, ƙashi ya ce ƙas. A kira mai ɗori. Ƙashin da ya karye ba faɗuwa ba bugu, ba na mai ɗori ba ne, na asibiti ne, don abin da ya karya shi yana ciki. Wani ma tsayinsa ke raguwa, ya ranƙwafa cikin 'yan watanni, saboda ƙasusuwan gadon baya sun lotse. Idan kuwa ƙafafu suka fara mutuwa, ko fitsari ya riƙa zuba ba da saninsa ba, lakar baya ce aka danne, kuma wannan ba ya jiran gobe. A ɗauke shi a ranar.

Wannan ƙullin ledar shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali. Yawancin haɗin ciwon jiki akwai diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam a ciki. Ƙodar mai mayeloma dama a wahale take da furotin ɗin da ke toshe ta, waɗannan magunguna kuma suna rage jinin da ke isa gare ta. Mutumin da da za a iya riƙe cutarsa shekaru, sai a kai shi asibiti ƙoda ta riga ta tsaya, a fara maganar wankin ƙoda da kuɗin da iyali ba su da shi. Dattijo mai ciwon baya da ƙarancin jini, kada a ba shi waɗannan sai likita ya auna ƙodarsa.

A asibiti ma ana iya kuskure mayeloma, domin ta yi kama da tarin fuka na ƙashin baya, wanda ya fi ta yawa a nan, ta kuma yi kama da ciwon gaɓɓai na tsufa. Saboda haka mai jinya ya buɗe baki. Ya ce, “Likita, Baba yana ɗauke da ciwon hanta, ga ciwon baya wata uku, ga jini ya yi ƙasa, ko za a duba furotin na jini da ɓargo?” Gwajin da ke nuna furotin ɗin sunansa elektiroforesis, ana kuma neman wani ɓangarensa a fitsari, wanda ake kira furotin Bence Jones, sunan likitan Ingila da ya bayyana shi tun shekarun 1840. Sai hoton ƙashi, sai a ɗebi ɓargo kaɗan daga ƙashin ƙugu a duba. Aikin likitan jini ne, kuma akwai sashensu a asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri. A nemi takardar turawa, kada a yi ta zagaye a ƙananan asibitoci ana ƙarin jini leda bayan leda ba a tambayi inda jinin ke tafiya ba.

Ga wanda aka riga aka tabbatar masa da mayeloma kuma, akwai gargaɗin da ya fi duk na baya gaggawa, kuma wannan babu jayayya a kansa tsakanin likitoci. Kada a fara maganin sankara sai an auna ciwon hanta nau'in B. Magungunan mayeloma, irin su dexamethasone mai yawa da bortezomib da daratumumab, da dashen ɓargo, suna kwantar da garkuwar jiki. Ƙwayar B da ke kwance a hanta shekara da shekaru sai ta sami fili ta hayayyafa. Idan garkuwa ta farfaɗo ta tarar hanta cike da ƙwaya, sai ta afka mata gaba ɗaya, hanta ta tsaya. An yi asarar rayuka ta wannan hanya, mutanen da sankararsu ke jin magani. A 2019 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta fitar da gargaɗi a kan daratumumab saboda haka, ta ce a auna kowa kafin a fara. Kuma gwajin tsinke na HBsAg da aka saba yi bai wadatar ba a nan. Akwai waɗanda suka taɓa kamuwa, jikinsu ya danne ƙwayar, gwajin ya nuna babu, alhali ragowarta na ɓoye a hanta. Su gwajin anti-HBc ne ke tona su. A tambayi likita ko an yi duka biyun. Idan an samu, ƙwaya ɗaya a rana ta tenofovir ko entecavir tana tare wannan bala'i, ana fara ta kafin maganin sankara ko tare da shi, a ci gaba da ita watanni bayan an gama, domin farkawar takan zo ne bayan kowa ya saki jiki.

Nau'in C yanzu warkewa ake yi. Tun da maganin sofosbuvir ya fito a 2013, haɗinsa da daclatasvir na mako 12 yana kashe ƙwayar a jikin sama da kashi 95 cikin 100. Masar, wadda a da take kan gaba a duniya wajen yawan masu wannan nau'i, ta auna mutum sama da miliyan 50 a gangamin da ta fara a 2018, ta yi wa miliyoyi magani, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta shaidar zinare a Oktoban 2023. Nau'in B kuwa ba a kai ga kashe shi gaba ɗaya ba, danne shi ake yi, kuma ba kowa ne ke buƙatar magani nan take ba. Likita ne zai duba yawan ƙwayar da halin hanta, kuma a 2024 an faɗaɗa sharuɗɗan ta yadda mutane da yawa da a da ake ce musu su jira yanzu sun cancanta. Wanda aka ce wa ya jira shekarun baya, ya koma a sake dubawa. Wanda ya fara sha kuma kada ya daina don kansa saboda ya ji sauƙi ko kuɗi sun yanke, ya gaya wa likita tukuna, domin yankewa farat ɗaya na iya tayar da ciwon fiye da da.

Masu lasifika a tasha da bakin kasuwa, da masu talla a rediyo da ke rantsuwa cewa jarka biyu za ta wanke hanta tas, ba su da abin da ke kashe wannan ƙwaya. Wasu jiƙe-jiƙen ma hantar suke ƙara ƙonawa, da ƙodar. Wanda ya sha ya koma gwaji zai gani da idonsa.

A Kano, dokar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a 2024 ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da ciwon hanta, don haka matasa da yawa a nan suke fara jin labarin. Wasu kuma wajen ba da jini. Idan an samu, ba dalilin fasa aure ba ne kai tsaye: a auna ɗaya ɓangaren, in ba shi da ita a yi masa allurar rigakafi sau uku. Amma kada takardar ta tsaya a kan ango ko amarya. Wanda aka samu da nau'in B, akwai yiwuwar a gida ya ɗauka tun yana yaro, saboda haka a auna mahaifiyarsa da 'yan uwansa na ciki ɗaya. Iyayen nan su ne ke cikin shekarun da mayeloma ke kamawa, kuma su ne ba wanda ya taɓa aunawa.

Mai juna biyu ta nemi a auna ta a wajen awo. Idan ƙwayar ta yi yawa akwai maganin da ake ba ta a watannin ƙarshe don kare ɗan. Najeriya ta sa rigakafin nau'in B cikin alluran yara tun 2004, kyauta, amma allurar farko tana da lokaci: cikin awa 24 da haihuwa. A nahiyar Afirka, a 2022, kashi 18 cikin 100 na jarirai ne kawai suka same ta. Matan da ke haihuwa a gida su suka fi rasa ta, don al'ada ta ce jariri ba ya fita sai an yi suna. Ko a gida aka haihu, maigida ko kaka ko ungozoma, wani ya naɗe jaririn a zane ya kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a ranar, a yi masa allurar a dawo da shi wurin uwarsa.